An matse birkin tiram, to zafin ina za shi?

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Istanbul ya ga tiram, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke jan wuta daga wayar sama, yana ratsa unguwar Laleli a tsakiyar titi, mutane da kaya niƙi-niƙi suna gitta gabansa kamar ba komai. Akwai irinsa a Kasablanka da Rabat da Aljas, ga kuma birane da yawa na Turai. Jirgin ƙasa na tsakanin gari da gari an ware masa hanyarsa, in zai tsaya tun daga nesa yake shiri. Tiram kuwa titi ɗaya yake bi da tasi da mai keke da yaron da ya biyo ƙwallo. Ƙafarsa ƙarfe, hanyarsa ƙarfe, ba ya iya kaucewa dama ko hagu. Abin da ya rage masa kawai birki.

Kwanakin baya wani aikin kwas ya sa na zauna ina bin takardun tallan masu ƙera birkin tiram, da rubuce-rubucen ɗalibai irina masu zana sabuwar ƙira a kwamfuta. Kalma guda ce ke ta dawowa: ƙarami. Ya fi na da ƙanƙanta, ya fi shi rashin nauyi, yana shiga inda wancan ba ya shiga. Hotunan gwanin sha'awa. Amma na bi shafi bayan shafi, da ƙyar nake ganin an taɓo tambayar da ta fi damuna, wato me wannan ɗan birkin zai yi ranar da wuta ta ɗauke, jirgi cike da mutane, a kan gangara. Ƙorafina ke nan a wannan rubutu. An mai da ƙanƙanta abin alfahari, alhali tilas ce aka yi wa injiniya, kuma tilas ɗin tana da farashin da ba a cika son faɗa ba.

Bari in fara yi wa masu matsewar adalci, don ba don ado suke yi ba. Tsohon tiram dabensa yakan kai kusan santimita 90 daga ƙasa, sai ka taka matakala uku kafin ka shiga. Ƙarƙashin daben nan fili ne: injin, giya, tankin iska, birki, kowa da mazauninsa. Amma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai keken guragu, ko mace mai tura jariri, matakalar nan katanga ce. A 1984 birnin Janiba ya sami tiram da aka sauke wani ɓangare na dabensa. A 1990 Bremen ta Jamus ta fito da wanda dabensa ke ƙasa tun daga gaba har baya. Yau santimita 30 zuwa 35 ya zama ruwan dare, na birnin Biyana ma kusan santimita 20 ne a bakin ƙofa. Wannan ci gaba ne na gaske, ba ni da ja a kai.

To dabe ya sauka, kayan ƙarƙashi ina za su? Wasu aka mai da su kan rufi. Amma injin da birki dole su zauna kusa da ƙafa. Ita kanta ƙafar an rage ta zuwa kusan santimita 60, kuma a ƙira da yawa an cire sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, don fasinja ya sami hanyar wucewa ta tsakiya. A kan sandar nan kuwa aka saba ɗaura faifan birki. Sai birki ya koma ɗan raɓe, yana neman wuri a lungun da ke ƙarƙashin kujera, suna cunkuso da injin da giya.

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mai karatu ya san tiram birki uku gare shi. Na farko na lantarki ne: in direba ya ja birki, injin da ke tura jirgin sai ya rikiɗa ya zama janareto, yana turjiya, wutar da ya samar a mai da ita wayar sama ko a ƙona ta a wasu wayoyi irin na hita da ke kan rufi. Kusan duk tsayawar yau da kullum shi ke yin ta. Na biyu na maganaɗisu ne, wani dogon ƙarfe da ke rataye tsakanin ƙafafu, kamar santimita ɗaya sama da layin dogo; in aka ba shi wuta daga batir sai ya manne wa layin yana gurzarsa. Wannan na gaggawa ne. Na uku shi ne namu na yau, birkin ƙarfe na matsewa, ɗan'uwan wanda ke motarka: faifai na juyawa, fad biyu na cizonsa. A ranar lafiya aikinsa kaɗan ne, ya ƙarasa tsayar da jirgin a takun ƙarshe, ya kuma riƙe shi kada ya gangara.

Daga nan ne hujjar matsewa ke fitowa. Tunda na lantarki ke ɗaukar kaya, me ya sa za a ba na ƙarfe babban wuri? Hujja ce mai kyau in ana maganar kwana dubu na lafiya. Amma birkin ƙarfe an ajiye shi ne don kwana na dubu da ɗaya.

Mu ɗauki biro. Lambobin nan na misali ne, ni na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi, amma ba su yi nisa da na gaske ba. Tiram mai nauyin tan 50 har da fasinjoji, yana gudun kilomita 50 a awa. Makamashin gudun da ke jikinsa kusan megajul 4.8 ne, wato abin da zai tafasa ruwa lita 15. Birki ba ya kashe makamashi, sauya masa kama yake yi ya zama zafi. In na lantarki ya mutu, duk zafin nan cikin faifan ƙarfe zai shiga, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kafin iska ta kwashe wani abin kirki. A ce faya-fayai shida ne, kowanne kilo 20, jimla kilo 120. Ƙarfe na buƙatar kusan jul 500 kafin kilo ɗaya ya ƙaru da digiri ɗaya. Raba, za ka ga zafin faifan ya ƙaru da digiri 80. Ba komai ke nan. Ka rage nauyin faya-fayan zuwa rabi, ya zama digiri 160. Har yanzu da sauƙi, kuma wannan ne gwajin da ake son nunawa: tsayawa ɗaya, a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Yanzu ka ɗora jirgin nan a kan tudu, ya gangaro har ya sauka mita 50 a tsaye, birkin ƙarfe kaɗai ke riƙe da shi. Makamashin da tudun zai zuba masa megajul 24.5 ne, ninki biyar na wancan. Faya-fayan kilo 120 za su ƙaru da kusan digiri 400. Na kilo 60 kuwa sun wuce 800, ƙarfe ya yi jajir. E, iska za ta kwashe wani abu a hanya, lissafina bai sa wannan ba. Amma ka tuna inda aka cusa faifan: lungu, bayan murfi, kusa da injin da shi ma zafi yake fitarwa. Kuma tun kafin a kai can, fad ya fara sakin cizonsa, don yawancin abin da ake yin fad da shi ƙarfin kamunsa raguwa yake in zafi ya yi yawa. Direbobin tirela sun san wannan sarai, shi ya sa mai hankali a cikinsu ke sauka doguwar gangara da ƙaramin giya maimakon ya kwanta kan birki.

Wannan shi ne abin da ƙanƙanta ba ta iya yi wa dabara. Ƙarfin matsewa ana iya samunsa a ƙaramin wuri. Wurin ajiye zafi kuwa kilo ne na ƙarfe da faɗin da iska za ta buga, ba shi da wata gajeriyar hanya.

Dabarun da ake yi don samun ƙarfin ma kowacce da abin da take ci. Ta farko tsohuwa ce. Tiram ɗin Amurka da ake kira PCC, wanda ya fara aiki a 1936, daga shekarun 1940 an yi masa ƙirar da ta yar da tankin iska gaba ɗaya, aka ɗaura ɗan birki a kan sandar injin. Kamfanin Tatra na tsohuwar Cekoslobakiya ya gaji tsarin, ya ƙera samfurin T3 kusan guda dubu 14. Hikimar ita ce injin na juyawa kamar sau bakwai kafin ƙafa ta juya sau ɗaya, saboda haka birkin da ke kansa kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfin murɗawa kawai yake buƙata. Ya ƙanƙance ke nan. Sai dai makamashin bai ragu da ko jul ɗaya ba, faifan gudu kawai ya ƙara. Sannan tsakanin birki da ƙafa yanzu akwai giya da mahaɗai. In ɗaya ya karye, birki zai kama sandar injin gam, ƙafa kuma ta ci gaba da juyawarta.

Dabara ta biyu ita ce barin iska a koma mai. Birkin iska matsinsa bai cika wuce ba 10 ba, tayar motarka tana kusan ba 2. Na mai kuwa yana aiki a ba 100 ko fiye, sai silinda ta koma kamar gwangwanin madara. Wannan ita ta ba tiram mai ƙasan dabe damar rayuwa, kuma ina yaba ta. Amma ta zo da famfo, da injin famfo, da bawul, da robobin toshe yoyo, da na'urar sarrafa su, duk suna jiran wutar batir.

Ta uku ita ce mafi kyawun tunani a duk harkar: sifirin ke kama birki, mai ke sakinsa. Wato a zaune birkin a kame yake, sai an tura mai da ƙarfi ya danne sifirin kafin ƙafa ta juya. Tiyo ya fashe, wuta ta ɗauke, waya ta tsinke, duk ɗaya ne, sifirin ya dawo ya cije. Irin tsarin da ke birkin ajiye tirela ne, wanda in iska ta zube mota ke ƙin motsi. Dokar tiram ta Jamus, BOStrab ta 1987, ta ma wajabta cewa birkin ajiye jirgi ya iya riƙe shi da cikakken kaya a gangara mafi tsanani ta hanyarsa, da ƙarfin sifirin kaɗai. Amma ko nan matsewa na da haraji. Ɗan wuri na nufin gajeren sifirin, sau da yawa wasu faya-fayan ƙarfe ne masu ɗan lanƙwasa da aka jera. Gajeren sifirin in ya ɗan miƙe ƙarfinsa ya faɗi, fad kuma kullum cinyewa yake. Dole a sa wata 'yar na'ura da ke matso da fad yayin da yake cinyewa. In ta maƙale saboda tsatsa ko laka, birki zai yi ta rauni a hankali ba wanda ya sani, don na lantarki na rufa masa asiri kowace rana.

Wannan rufin asirin shi ya fi ba ni tsoro. Birkin motarka in ya fara lalacewa ƙafarka za ta gaya maka gobe da safe. Birkin da ba a neman cikakken ƙarfinsa sai shekara-shekara ba ya ba da labari.

Akwai kuma iyakar da ko faifai ya kai girman faranti ba zai tsallake ta ba. Inda ƙafar ƙarfe ke taɓa layin dogo bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. A busasshen layi, riƙon da ke tsakaninsu ya kai kamar kashi 30 cikin 100 na nauyin da ke kan ƙafar, tayar roba a kwalta kuwa tana samun 70 zuwa 80. In ruwa ya jiƙa ganyen da ya zuba a layi aka murƙushe shi, riƙon na iya faɗuwa ƙasa da kashi 5. Ita kuma dokar Jamus ɗin nan ta ce a birkin gaggawa tiram mai gudun kilomita 50 ya tsaya cikin mita 39, mai gudun 70 cikin mita 69. A jiƙaƙƙen layi faifai ba zai ba ka wannan ba, ƙafa za ta kulle ne ta yi ta sulɓi. Shi ya sa dokar ta nemi birkin da bai dogara da riƙon ƙafa ba, wato na maganaɗisu, da kuma na'urar watsa yashi a gaban ƙafa. Su ma wuri suke so, a lungu guda. Wanda ya zana ɗan birkinsa shi kaɗai a allon kwamfuta, fari fat ba maƙwabci, bai nuna mana komai ba tukuna.

Sai babbar matsalar, wadda ban ga an ba ta ko rabin shafi a takardun tallan da na bi ba. Birkin da ke kamawa da kansa in wuta ta ɗauke yana haifar da sabon ciwon kai: jirgi ya tsaya a tsakiyar titi ya ƙi motsi, motoci sun yi layi, ana ta ham. Dole a ba ma'aikata hanyar sakinsa da hannu. To hanyar nan ita ce ƙofar baya ta duk tsarin.

Ranar 12 ga Maris 1992, a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, wayar sama ta sami matsala, wani tiram ya tsaya a Wavrinskys plats, a saman tudu. Birkinsa ya yi daidai abin da aka ƙera shi ya yi, ya kama. Aka sauke fasinjoji. Don a kawar da shi daga hanya, aka yanke shawarar a saki birkin da hannu a bar shi ya gangara. Da ya fara tafiya, sai aka tarar ba yadda za a sake kama birkin daga wurin direba. Ya gangaro titin Aschebergsgatan yana ƙara gudu, motar 'yan sanda na gabansa da jiniya tana korar mutane, har ya kai kusan kilomita 100 a awa, ya sauka daga layi a Vasaplatsen inda mutane ke jiran abin hawa. Mutum 13 suka mutu. In gudun ya ba ka mamaki, koma lissafi: abin da ya gangaro mita 40 a tsaye ba tare da wani abu na riƙe shi ba, gudunsa kilomita 100 ne a awa, ko tan ɗaya ne ko hamsin.

Gaskiya ita ce wancan tiram ɗin ba mai ƙasan dabe ba ne, kuma ba ƙanƙantar faifai ta kashe mutanen ba. Na kawo shi ne don ya nuna inda ido ya kamata ya tsaya. Ana iya cewa kuskuren ma'aikata ne, kuma akwai kuskuren. Amma ni a matsayin mai koyon ƙira, ina ganin duk na'urar da mutum biyu masu gaggawa za su iya zare mata birki kaf a kan tudu, ba tare da ta bar musu hanyar komawa ba, na'urar ma tana da laifi. Matsewa kuma ƙara tsananta wannan take. In birki na can cikin lungu bayan murfi, mai sakinsa ba ya ganin halin da yake ciki. A ƙira da dama, birkin da aka saki da hannu ba ya komawa daidai sai an sake tura masa mai, wato sai famfo ya sami wuta, wutar da rashinta ne ya sa aka sake shi tun farko.

Akwai kuma na Lisbon ta Fotugal, ranar 3 ga Satumba 2025. Shi Elevador da Glória ba tiram ne zalla ba, taragu biyu ne da igiyar ƙarfe ta haɗa a kan tudu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, nauyin wannan na riƙe wancan. Igiyar ta rabu da taragon sama. Masu bincike sun ce mai tuƙin ya ja birkin iska da na hannu duka, amma birkin ba shi da ƙarfin tsayar da taragon in babu nauyin ɗan'uwansa. Mutum 16 suka rasu. Birkin yana nan, an kuma ja shi. An dai auna shi ne da ranar da igiya ke da lafiya, kamar yadda ake son auna faifan tiram da ranar da injin ke da lafiya.

Saboda haka in za a kawo mini sabuwar ƙira, ba faɗinta da nauyinta nake son gani a shafin farko ba. A gaya mini sau nawa za ta tsayar da cikakken jirgi a jere in babu na lantarki, kuma digiri nawa faifan ya kai a tsayawa ta uku, a cikin murfinsa, ba a fili kan teburin gwaji ba. A gaya mini gangara mai tsanani nawa za ta riƙe da fad da ya kusa ƙarewa, ba sabo dal ba. A nuna mini yadda makanike zai duba kaurin fad ba tare da ya kwance rabin ƙafa ba, don abin da ke da wuyar dubawa ba a duba shi, ko a Jamus ne. A kuma nuna mini abin sakin hannu: shin yana barin a saki duka lokaci guda, shin direba na ganin alama a gabansa, shin ana iya mai da shi ba wuta. Ga biranen da rana ke dafa ƙarfe tun kafin a taka birki, ƙura kuma na shiga ko'ina, sai a ƙara da tambayar a wane yanayi aka yi gwajin.

Wani abokin karatuna ya ce ina neman a ƙera birki don ranar da wataƙila ba za ta zo ba, a ɗora wa jirgi kilo ɗari da zai yi ta ja shekara talatin a banza. Yana da gaskiyarsa, nauyi kusa da ƙafa yana cin layin dogo, yana ƙara ƙara da girgiza, yana cin wuta. Akwai ma hanyoyin da ba su da tudu ko kaɗan, inda ƙaramin faifai ya wadatar, kuma ba zan ce a saka musu na hawan dutse ba. Abin da na ƙi shi ne a sayar da faifan shimfiɗaɗɗen gari da sunan ci gaba, a bar mai saye ya gano iyakarsa da kansa.

Aikin kwas ɗin nawa ma haka ya ƙare. Na fara da niyyar rage faifan, na gama da wanda ya fi na farkon nauyi. Malamin da ke duba aikin ya kalli zanen ya ce, to ina za ki sa shi? Har yanzu ban ba shi amsa ba. Kujeru biyun da ke saman ƙafar nake tunanin cirewa.